Hular Malam Sani

A Islamiyyarmu, can wajen Ajingi, manyan 'yan aji ne ke raba mana matsayi in za a yi wasan kwaikwayo, kuma kullum ni ce ɓarauniya. Har a hanyar rijiya yara suka fara kirana da sunan.

Wata la'asar Malam Sani ya same ni ina kuka a bayan aji. Ya cire hularsa mai ƙanshin miski, ya zuba naɗaɗɗun takardu a ciki, ya ce, "Yau hannun kowa ne zai zaɓa masa. Zo ki fara, 'yata."

Na buɗe tawa. An rubuta: mai tallan gyaɗa.

"A sayi gyaɗa" kaɗai na faɗa a wasan, amma har yau in na tuna sai na yi ajiyar zuciya.