Ta'aziyyar Hantar Sallau

Tun da aka kafa dokar, babu kemis ɗin da ke sayar da ko ƙwaya ɗaya sai an fara gwada ta a kan hantar mai saye ta cikin kwamfuta. Kowa yana da tasa, sak irin ta cikinsa.

Sallau tela ya shigo kemis ɗin Hajiya Ladidi kunci a kumbure, haƙori ya hana shi ɗinki.

"Hajiya, jan nan mai ƙarfi nake so."

Ya ɗora yatsa a kan na'ura, hantarsa ta bayyana a allo tana sheƙi. Ladidi ta gwada mata jan maganin. Hantar ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin.

"Ta rasu," in ji Ladidi.

Mutanen layi suka ɗaga hannu suna dariya. "Allah ya jiƙanta! Malam Sallau, ya haƙuri?"

Ladidi ta danna wani maɓalli, hantar ta dawo lafiya lau. "Ka ga, wannan ba naka ba ne. Mu gwada farin."

Sallau ya matso kusa da ita. "Hajiya, idan mutum ya riga ya sha jan da safe fa? Maƙwabcina ya ba ni."

Ladidi ta rufe kemis, ta tare adaidaita sahu da kanta. A hanya Sallau ya dafe ciki. "Maɓallin nan, asibiti suna da irinsa?"

Ladidi ta juya ga mai tuƙi. "Direba, ƙara wuta!"

Likita ya ce sun zo a kan lokaci. Da Sallau ya farfaɗo, maƙwabcin ne zaune a gefen gadonsa, yana laluben aljihu.

"Sannu, Sallau. Akwai wani kore, ya ma fi wancan."