Masarar da Ba Ta da Tsutsa

"Wannan duk taka ce?" Malam Umara ya tambaya, yana kai wayar Uwaisu kusa da idonsa.

"Tawa ce, Baba. A Watari take, noman rani."

Ƙarya yake shararawa. Hoton wasan noma ne na cikin waya, amma har raɓa ana gani a ganyen masarar. Zulaihatu 'yar Malam yake nema, kuma a shekarar da taki ya gagari kowa, wa zai ba ɗan zaman kashe wando 'yarsa?

"Masha Allah. Buhu nawa kake sa rai?"

"Arba'in, in Allah ya yarda."

"Noman ban ruwa zakkarsa ɗaya cikin ashirin ce. Buhu biyu ke nan. Akwai gidajen da ba su ɗora tukunya ba tun jiya. Bari in sanar da liman."

Uwaisu ya shiga kame-kame. "Baba, wato... ai masarar ba ta..."

"Ba ta da tsutsa ko ɗaya. Na lura." Malam ya zaro tasa wayar, ya latsa, ya juyo masa da ita. Gonar ce sak, har mangwaron da ke gefe.

"Ni ma a nan na fara. Yanzu tarakta biyu gare ni." Ya janyo fartanya daga lungun zaure, ya miƙa masa. "Gobe da sassafe ka same ni a gonata ta bayan gari. Ita ciyawarta ba ta fita da yatsa."