Dabaibayin da ba shi da ƙulli

Ka dame ni da tambaya, Tukur, wai me na gani a jikin ƙwayar da ido ba ya gani har nake ta salati. To, zauna ka ji.

An yi wata tsohuwa, ƙarshen gidan masu tufka. Ubanta yana tufka dabaibayi kamar zobe, babu ƙulli, babu farko babu ƙarshe. In zai yi sabo, sai ya warware tsohon a wuri uku, ya bi kowace kafa dama da hagu, yana yi wa kowane sili sabon abokin tufka, har hanyoyin su haɗu. Sai ga dabaibayi biyu, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo. Ƙaninta ne kaɗai ya iya, shi kuwa ya bi ayarin gishiri tun yana saurayi, ko labarinsa ba a sake ji ba. Ita ba ta haihu ba. Baƙin cikinta ɗaya: ran da aka binne ta, an binne gidansu.

Wata shekara fataken gishiri suka sauka bayan gari. Ta je sayen ɓarin gishiri, ta tarar da su duk kama ɗaya, rawani har ido, harshensu ma ba ta ji. Can gefe wani magidanci yana gyaran dabaibayin raƙuminsa. Wallahi tsayawa ta yi cak! Ya buɗe nan, ya buɗe can, ya buɗe na uku, yatsunsa suna gudu dama da hagu. Ƙwaryarta ta faɗi. Ta hannun tafinta ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ubansa, Allah ya jiƙansa, wani Bahaushe da ya zauna a ƙasar gishiri. Tsohuwa ta kama hannuwan nan tana kuka, ta ce, "Ashe gidanmu bai mutu ba."

To haka arkiya suke, Tukur, waɗanda kake tambayata a kansu. Ƙwayoyin halitta ne, wasu a tafkin gishiri, wasu a ruwan da zai saluɓe maka fata. Ka gan su a madubin likita, ka rantse bakteriya ne. Amma tsaya su zo kwafar zaren da ke ɗauke da gadon halittarsu, wanda shi ma zobe ne. Bakteriya wuri ɗaya take buɗewa. Wasu arkiya kuwa wurare da dama suke buɗewa, kuma kayan aikin da suke warwarewa da tufkawa da su, irin na cikin jikinka ne, kai da ke zaune kana yi mini gardama. Ni kam duk sanda na tuna, tsigar jikina tashi take yi. Subhanallahi! A tafkin gishirin da ko kifi ba ya rayuwa, sai ga hannun gidanmu yana aiki.

Gaskiyar Hausawa: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.