Notin Baƙin Mai

Noti na uku ke nan da Auta ya karya tun safe. Ya tsaya da sifana a hannu, jini na tsattsafowa a bayan yatsunsa, ya waiga ko wani ya gani. Matarsa ta gani. Ta ajiye masa ruwa a kan bulo, ta ce in ya gama kakkarya motar ya sanar da ita ta kawo tsintsiya.

Auta mai sayar da magani ne a kanti, ɗan shekara talatin da bakwai, bai san kan mota ba ban da tuƙi. Shi ya sa 'yan'uwa suka yi ta dariya ranar rabon gadon Baba, da ya ce shi a bar masa a-kori-kurar da ke bayan gida. Shekara ashirin da shida tana zaune a kan bulo, babu taya, kaji na ƙwai a mazaunin direba.

Kowa a dangi ya san tarihinta. Da ita Baba yake dakon kaya yana ciyar da gida. Yaya, babban ɗansa, yana da shekara sha tara aka fara ba shi makulli. Wata rana ya canza mata baƙin mai, washegari ya fita da lodi. Bai yi nisa ba notin ƙasan injin ya faɗi a hanya, man ya tsiyaye tas, injin ya buga.

Baba bai dake shi ba. A ƙofar gida, a gaban maƙwabta, ya karɓe makullin ya ce wanda ya kasa ɗaure noti ɗaya bai isa a ba shi amanar komai ba. Yaya bai sake riƙe sitiyari ba, ya koma facin taya a bakin titi, har yau can yake. Auta kuwa, ɗan lelen Baba, lokacin yana ɗan sha ɗaya, babu abin da ya dame shi sai tsere da kekensa. Shi aka tura makaranta har ya gama. Baba ya rasu bai janye maganarsa ba.

Wata biyu Auta yana fama. Yakan jingina waya a jikin gilashi, ya kalli yadda ake yi, ya yi akasin haka. Ya haɗa batir a juye har wayoyi suka yi hayaƙi. Ya kankare tsatsar ƙofa har ya huda ta. Ya wanke bodi, ya kai kujeru ɗinki, ya goge fitilu. Duk abin da ke sama ya taɓa shi. Ƙarƙashin motar ne kullum yake cewa sai mako mai zuwa.

Ran nan da hantsi sai ga Yaya, ba a kira shi ba. Ya faɗa, furfura ta cika masa gemu, tafin hannunsa baƙi ƙirin. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa ƙofar da aka huda, ya ja benci ya zauna.

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya gaishe shi idonsa a kan takalmi. Ya miƙa hannu zai ɗauki filaya, ya ɗauko sukurdireba, ya mayar, ya ture gwangwanin kusoshi suka watse.

"Kwalliya kake yi wa gawa," in ji Yaya. "Inji ake fara dubawa. A toshe ƙasan, a zuba mai ya jiƙa kwana biyu, mu ga ko zai juya. Ka sayi notin?"

"Na saya, Yaya."

Tun makon farko ya saya. Yana aljihun rigar aikinsa, a naɗe cikin takarda.

"Sai ka shiga."

Auta ya shimfiɗa kwali. Daga cikin sifanu goma sha biyu ya zaro ɗaya, bai duba lambarta ba. Ya kwanta rigingine ya ja jiki. A duhun nan, cikin yanar gizo da busasshen laka, hannunsa ya tafi kai tsaye inda ramin yake. Yaya ya sunkuyo yana kallonsa.

Noti ya hau. Auta ya murza shi da yatsu har ya tsaya, sannan ya kasa ci gaba. Ƙurar tsatsa na zubo masa a fuska, ya bar ta tana zuba. Daga inda yake kwance ƙafafun Yaya kawai yake gani, faso duk ya tsattsaga dugadugan, silifas ɗin an ɗinke shi da waya.

"Yaya," ya ce, "idan ta tashi, taka ce. Don kai nake gyara ta. Kuma akwai maganar da na daɗe ina so in..."

"Na ji. Ƙarasa aikin tukuna."

"Ka bari in faɗa."

Yaya ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauki sifanar da ta zame daga hannun ƙanensa ya mayar masa da ita cikin tafi.

"Sa ƙarfi ka ɗaure shi wannan karon, Auta," ya ce a hankali. "Gwangwanin man da ka kwance notin nan ka tara don sarƙar kekenka, ni na tsince shi a bayan ɗaki da yamman ranar da injin ya buga, na jefar kafin Baba ya gani."