Hukuncin Mutum A

Ranar Alhamis da ƙarfe goma kwamiti ya zauna a kan maganar Douwe Hiemstra, amma kafin a karanta ko layi ɗaya sai da aka yanka kek. Ranar haihuwar Likita Terpstra ce, shugabar sashen masu taɓin hankali, kuma ita ta kawo shi da kanta. Mutum biyar suka cika baki, suka kora da gahawa, sannan aka tuna da abin da ya tara su.

Douwe tsohon mai gyaran jiragen kamun kifi ne, shekararsa sittin da ɗaya, watansa huɗu a sashen. An riga an ba shi izinin fita ran Lahadi don baftismar jikarsa ta fari, har ya goge kwat ɗinsa tun Litinin. Ran Talata da rana aka yi rikici a ɗakinsa, tsakaninsa da Ruud Kamphuis, ma'aikacin jinya da ya shekara ashirin yana aiki a wurin. In kwamiti ya buga wa fayil ɗin Douwe jan tambari, to, ba fita, ba baftisma.

Asibitin yana da wata ƙa'ida da yake ji da ita ƙwarai. Wanda ya ga rikici shi ke rubuta rahoto, kuma ba a sa suna, sai Mutum A da Mutum B. Sunayen suna cikin ambulan a liƙe, ba a buɗewa sai an yanke hukunci. Wai don adalci. Duk baƙon da ya zo sai an cika masa kunne da wannan dabara. Wannan karon Hennie mai shara ce ta rubuta, domin ita ce ke goge baranda a lokacin.

Bisa ƙa'ida bai kamata Ruud ya kasance a ɗakin taron ba. Amma wa zai kori mutum da bayan hannunsa a kumbure, naɗe da bandeji? Aka ja masa kujera, aka ba shi babban yanki.

Geertje sakatariya ta karanta. Mutum A ya ɗaga murya. Ya ce, "Na gaji da ku, dukanku!" Ya yi jifa da kofi ya fashe a bango. Mutum B ya ce masa ya yi a hankali. Mutum A ya cakumi wuyan rigarsa, ya haɗa shi da kabad, ya kai masa naushi. Daga nan ya fita ya kulle ƙofa.

"Tirƙashi," in ji ɗaya daga cikin likitocin, yana kakkaɓe burbushin kek daga gemunsa. "Ni dai tun ranar da aka kawo shi na ga abin a idonsa. Masu shiru-shirun nan ai sun fi haɗari."

"Haka suke," Likita Terpstra ta ce. "Ka yi musu alheri shekara, rana ɗaya su cire maka haƙori. Irin wannan mutum bai kamata a bar shi kusa da jama'a ba, balle jaririya."

Mutum huɗu masu takardun ilimi cike da bango, ba wanda ya ce a sake karanta layin ƙarshe. Wata ta ambaci cewa leɓen Douwe a fashe yake. Aka ce ai dole, wanda ya tayar da kokawa ba ya fita lafiya ƙalau.

"Ruud, kana da abin cewa?" Likita ta tambaya da murya mai taushi.

Ruud ya dubi farantinsa. "Likita, ni na fi so kada in sa baki."

Aka girgiza kai don tausayi. Ka ji mutumin kirki, an dake shi amma ko ƙorafi ba ya yi.

Cikin minti goma sha biyu aka gama. Mutum A haɗari ne ga na kusa da shi, a buga masa jan tambari, a ƙara masa magani, a soke duk wata fita har wata uku. Geertje ta miƙa hannu za ta ɗauki ambulan.

"Haba Geertje, bar shi," in ji Likita, tana duba agogo. "Akwai wanda bai sani ba a nan? Rubuta Hiemstra kawai, ina da wani taro."

Da rana ma'aikata uku suka je gaya wa Douwe, ɗaya a gaba, biyu a bakin ƙofa. Ya yi ta magana, yana nuna leɓensa, ba wanda ya rubuta abin da ya ce, tunda maganar marar lafiya ce. Da ya ga sun fara juyawa, sai ya yi ƙwallo da kujera. Wannan kam an rubuta shi, da ƙarfe da minti. Ranar ba ƙaramin daɗi kwamitin ya ji ba, ga shaida ta zo da ƙafarta.

Ran Lahadi aka yi baftisma. 'Yar Douwe ta kira sashen sau biyu, aka ce mata mahaifinta yana hutawa, kuma don lafiyar jaririyar gara haka. Yana kwance a ɗakin keɓewa, magani ya yi masa nauyi, ko sunan jikar bai iya furtawa ba. Ruud ne ke aiki ranar, shi ya kai masa abincin rana.

Ran Litinin Geertje ta zo adana takardu. Na'urar ɗaukar hoton takardu ba ta karɓar ambulan a liƙe, don haka kawai ta sa wuƙa ta farke shi. Takarda ce ƙarama, layi biyu, da rubutun Hennie mai manyan baƙaƙe.

Mutum B, Douwe Hiemstra. Mutum A, Ruud Kamphuis.