Na'urar Karanta Rubutun Likita

Ƙawata, matso kusa, ki ajiye wayar nan. Labarin wani yaro zan ba ki. Ba zan kama suna ba, Injiniya dai ake ce masa tun bai gama makaranta ba.

Shekara uku yana yawo da takardar digiri a cikin leda. Da gwamnati ta yi shelar tallafin bincike ga ƙananan kamfanonin fasaha, shi da abokinsa Dogo suka yi rajistar kamfani. Ofishinsu falon uwarsa ne, wata tsohuwar mai sharar kantin magani. Dabararsu kuwa, tsakani da Allah, mai kyau ce: mara lafiya ya ɗauki hoton takardar da likita ya rubuta masa, a maido masa da ita cikin rubutun da ɗan Adam zai iya karantawa.

Karon farko aka ƙi su, don sun rubuta cewa za su ɗauki mutum uku aiki. Wani magatakarda a ma'aikatar ya ja Injiniya gefe.

"Ƙanena, tallafin nan ba ya biyan mutum. Na'ura yake biya, da taron ƙaddamarwa. Cire mutanen nan, ka barbaɗa 'basirar na'ura' a kowane shafi."

Ya barbaɗa. Aka ba su.

Suka sayo wani akwatin ƙarfe mai fitilu shuɗaye. Suka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, alhali uwar tana ɗakin baya tana fifita da kwali. Suka buga allon kamfani wanda ya fi ƙofar gidan faɗi. Wata takwas suna ɗura wa akwatin hotunan takardun likitoci. Ranar gwajin farko ya yi nazari na minti ashirin, ya ce hoton tsutsotsi ne. Suka yi gyara. Ya ce taswirar kogi ce.

Sai ga wasiƙa: kwamiti zai zo ranar Laraba. Ko a ga sakamako, ko a maido da tallafin, a rufe kamfanin, sunan Injiniya ya shiga jerin waɗanda gwamnati ba za ta ƙara sauraro ba. Yaron nan ya daina cin abinci, wandonsa ya fara zamewa. Dogo kuma ya tuna yana da kaka mara lafiya a wani gari mai nisa.

Ana saura kwana huɗu, na'ura ta fara karatu. Dogo ya fasa tafiya, bai kuma tambayi yadda aka yi ba.

Laraba da hantsi motoci uku suka tare layin. Darakta ne, da Farfesa, da wata Likita. Uwar ta kawo musu ruwa, ta gaishe su, babu wanda ya ɗago kai. Ta koma ɗakinta ta saki labule.

Likita ta zaro takardar da ta rubuta makon jiya. "Ni kaina layi na biyu ya gagare ni," in ji ta.

Aka ɗauki hoto. Fitilu suka yi ta ƙiftawa. Bayan minti guda rubutu ya fito a allo tsaf: sunayen magunguna uku, sau biyu a rana, bayan cin abinci. Can ƙasa kuma aka ƙara: "Na biyu da na uku ba a haɗa wa mai hawan jini su. A sake dubawa don Allah, 'yar nan."

Likita ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Wallahi gaskiyarta."

"Har ladabi kuka koya mata?" in ji Farfesa.

"Bincike ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya.

Takarda goma sha ɗaya ta karanta, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Wajen ƙarfe biyu aka tura ta goma sha biyu, shiru. Darakta ya ƙwanƙwasa akwatin da makullin mota.

"Ta mutu ne?"

"Hucewa take yi, yallaɓai. Sau biyar a rana, minti goma-goma."

Farfesa ya gyaɗa kai, ya rubuta a rahotonsa: sabon tsarin tsimin wuta, abin koyi.

Da ta dawo aiki, Darakta ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce yau an tabbatar wa duniya cewa zamanin dogara da tsofaffin hannaye ya wuce. Ya sa hannu a kan tallafi zagaye na biyu. Aka jeru gaban akwatin za a ɗauki hoto, sai ya dafa kafaɗar Injiniya.

"Albishirinka. Ƙarshen wata za mu kai ta babban baje kolin fasaha a ƙasar waje. Ni da Farfesa da ita kawai, kasafin bai ɗauki ƙarin mutane ba. A can za a cire mata duk wata waya da layi, a ga da kanta take tunani."

Injiniya ya yi wa mai hoto murmushi. Motoci na barin layin, ya ruga ɗakin uwarsa.

To ƙawata, ki taya ni da addu'a, don istigfarina ni kaɗai ya yi kaɗan. Allah ne shaida, shekara ashirin ina tsintar takardun likitoci a ƙarƙashin teburin kantin magani ina haɗa baƙi da kaina, ba don in yaudari kowa na koya ba, kuma ban iya kallon ɗana yana ramewa ba. Ki rufa min asiri, ko maigidanki kada ya ji: na'urar da za su ɗauka ni ce, ni ake turo wa hotunan a waya a ɗakin baya ina rubuta amsa, jiya kuwa na auna akwatin, ko ƙafafuna ba za su shiga ba.