Tsagin Yatsan Baba

Wata la'asar mai zafi, a shagon Baba da ke Gidan Igwai, ɗan ƙarfen da ke bi da zare zuwa kwarkwaron keken ɗinkinsa ya karye. Ga ɗinkin Sallah jibge, babu lokacin neman mai gyara. Sai ya sa yatsansa a madadin ƙarfen. Yana taka keken, yana kai zaren dama yana dawo da shi hagu, har kwarkwaron ya cika sumul. Shagon sai warin man keke da gumi.

Na ce bari in gwada. Na ja, zaren ya tsinke. Na sassauta, ya cukurkuɗe.

Baba bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kak ka ja shi, kak ka sake shi. Rakiya kaɗai shika so."

Ba a taɓa gyara ƙarfen ba, har zare ya yi wa yatsan tsagi.

Yanzu idanunsa sun tafi, ni ke kai shi masallaci in na dawo daga aiki a gajiye. Wani lokaci haƙurina kan ƙare, in fizgi hannunsa, ya yi tuntuɓe. Tsagin nan kawai nake ji a tafina, sai in rage sauri.